Tsakanin Loma da Sallama

A ƙofar gidanmu da ke Lafiya akwai dakali, a kan dakalin akwai 'yar rumfar kwano. A nan Baba ya yi shekaru yana cin abincin rana tare da mutum biyu. Ciyayya suke yi: kowa a fito masa da kwano daga gidansa, a jera a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya a gama da shi, sannan a janyo na gaba. Ɗayansu manomi ne, Bagwandare daga Arikya, wanda Baba ya sani tun yana malamin gona yana zaga ƙauyuka a kan babur. Da gwiwar manomin ta gaza, 'ya'yansa suka dawo da shi cikin gari, gida uku tsakaninmu. Ɗayan kuma tela ne, Bafulatani, shagonsa na kallon ƙofarmu. Mu asalinmu Barebari ne, saboda haka ban taɓa jin tela ya kira Baba da wani suna ba sai “bawana”, Baba kuma ya mayar masa da “ɗan bawan gidanmu”. A haka suka yi furfura.

Idan na tuna ranakun nan, ba sa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. A dunƙule suke zuwa, kamar yini guda ne mai tsawo wanda azahar ɗinsa ba ta ƙarewa. Kwanon rumfa yana ƙas-ƙas saboda zafi. Keke napep ya wuce da doya har kan cinyar fasinja. Can cikin wani gida ana dakan sakwara, taɓare biyu suna amsa wa juna. Inuwar rumfar tana jan ciki daga ƙafafunsu zuwa bakin kwata, su kuma suna ci suna hira, hannu na zuwa hannu na dawowa.

Hanya ce mai mutane, kuma a unguwarmu ba a wuce dattawa a yi shiru. Duk wanda ya gifta sai ya yi sallama. Baba ne ke fara amsawa, ko da loma a bakinsa. Yakan ce wanda ya yi maka sallama kaya ya sauke a ƙofarka, ba ka barin su a rana.

Ciwon Baba ta hannun hagu ya shigo. Babban yatsa da manuni suka riƙa murza juna, kamar yana jan carbin da babu shi. Mutane sun daɗe suna zaton zikiri yake yi, har wasu kan rage murya idan sun zo kusa. Likita ya ce cutar Fakinsan ce. A unguwa aka ce ciwon karkarwa. Aka ɗora shi a kan magani. Duk hankalinmu ya tafi ga hannun, da ƙafar da ta fara jan ƙasa. Babu wanda ya ce mana mu kalli wuya.

Ni aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, kuma kullum na tashi sai na biya gida. Abin da na fara lura da shi muryarsa ce, ta yi ƙasa kamar an murɗa an rage ta. Sauran alamun na gan su, amma ban haɗa su wuri guda ba: hankicin da ya daina rabuwa da shi saboda yawu, ƙwayar maganin da ke tsaya masa a maƙogwaro, ɗan tarin da ke zuwa duk sa'ad da ya kurɓi ruwa.

Wata rana ya ƙware da miya, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Tela ya jira ya lafa, sannan ya ce, “Ikon Allah. Shekara saba'in bawana yana cin tuwo, sai yau ya ƙware.”

Har Baba sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, daga soro. A rubuce kalma ɗaya ce, da ta gwaninta da ta sarƙewa, mu kuma muka zaɓi jin mai daɗin.

Ranar da abin ya faru lokacin mangwaro ne, zafi ya kai inda yake kaiwa. Daga gidan tela aka kawo dambun shinkafa, wara-wara, irin wanda Baba ke so. Ina soro ina cire takalmi na ji wani mai babur ya rage gudu ya rangaɗa sallama, wani tsohon sani ne daga Obi. Na ji Baba ya fara, “Wa alaikumus…” bai ƙarasa ba.

Da na fito, yana tari, fuskarsa ta yi duhu, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Manomin ya riga ya kai ga randar da ke gefen ƙofa. Ya ciko moɗa, ya tallafi ƙeyar Baba, ya ɗaga masa kai sama, ya kafa masa a baki.

“Sha, sha ya wuce! Sha da yawa!”

Abin da kowa zai yi ke nan. Shi aka yi mini ina yarinya, shi na yi wa 'ya'yana. Da bai riga ni ba, ni ce zan ɗauko moɗar. Ruwan ya fito ta hanci, tarin ya ƙaru, sannan a hankali ya kwanta. Baba ya share fuska ya ce wani ne ke ambatonsa a wani wuri. Aka yi dariya, aka rufe kwano.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya koma gajere. A asibiti aka ce ciwon huhu ne: abinci da ruwa sun bi hanyar iska sun sauka inda ba wurinsu ba. Ya yi fiye da mako a kwance. Da zazzaɓin ya sake shi, ya ba ni labarin inda ya je. Wai yana kan tsohon babur ɗinsa a gonakin Arikya, damina ta zauna, kunyoyin doya tuli-tuli har iya ganinsa, kuma duk tulin da ya wuce sai ya yi masa sallama. Yana so ya amsa, bakinsa cike da ruwa. Ya yi ta tafiya, gonar ba ta ƙare ba, sallamar ba ta ƙare ba.

“Ko ɗaya ban amsa ba,” ya ce. Abin da ya dame shi ke nan.

Kafin mu bar asibiti aka turo mana wata ma'aikaciya da ta karanci matsalar haɗiya da magana. 'Yar gajeruwa ce, Hausarta ta kasuwa, amma ban taɓa jin bayani ya fita tas kamar nata ba. Ta sa Baba ya miƙe zaune, ta ɗora yatsu a wuyansa, ta riƙa ba shi abubuwa kaɗan-kaɗan tana saurare: ruwa, kunu, ayabar da aka murƙushe. Sannan ta juyo wurin Inna, mahaifiyarmu.

“Mama, hanya biyu ne a wuya. Ɗaya na iska, ɗaya na abinci. Akwai maigadi a wurin, in abinci zai wuce shi ke rufe get na iska. Maigadin Baba yana nan, bai bar aiki ba, amma ya tsufa, ba sauri. To ruwa ɗan acaɓa ne, ba ya jira, kafin a rufe get ya shige. Kunu mai kauri tirela ne da kaya. Maigadi zai gan shi tun daga nesa.”

Inna ta riƙe haɓa. “Yanzu 'yar nan, har ruwan ma?”

“Ruwan ne ma oga. In yana tari ku bar shi, tarin ne ke fitar da abin. Kar a ba shi ruwa, kar a ɗaga masa kai. Sai in ya yi shiru, ba tari ba magana ba numfashi, to nan ne za a sunkuyar da shi a buga bayansa, a nemi mota.” Ta nuna mana wurin, tsakanin kafaɗu, ta sa na gwada a bayanta. “Kuma in da abinci a baki, ba magana. Mai magana get ɗinsa na iska a buɗe yake.”

Baba ya ce, can ƙasa, “Ko sallama?”

“Ko sallama, Baba.”

Ya juyar da kai wajen taga.

Ni kuma ta ba ni aikin kunne. Bayan ya haɗiye, ya sake haɗiyewa, sai ya ce “aaa”. Idan muryar ta fito a bushe, abin ya wuce. Idan ta fito a jiƙe, kamar daga ƙarƙashin ruwa, akwai saura a bakin ƙofa; a dakata, ya yi gyaran murya, ya ƙara haɗiya.

Da muka dawo gida, ni da Inna muka yanke shawara ba tare da mun tambaye shi ba: zaman dakali ya ƙare. Muka sa masa kujera mai jingina a ɗakinsa, da ɗan tebur. A kashe rediyo, a saki labule. A kawo abinci kamar sa'a ɗaya bayan maganin rana, lokacin da jikinsa ya fi sakewa. Ya zauna a miƙe, haɓa ta ɗan sauka wajen ƙirji kamar yadda aka gwada masa, ƙaramin cokali, shi ma rabi. In ya gama a wanke baki tas, ya ƙara rabin sa'a a zaune kafin ya kishingiɗa.

Inna ta mayar da madafa makaranta. Takan ɗebo kunun gyaɗa ta karkata cokali tana kallo. In ya zubo da gudu, salala ne, ta mayar wuta. In ya manne ya ƙi sauka, ya yi yawa. Wanda ake so shi ne mai saukowa a natse kamar zuma. Ruwan sha ma da ɗan dafaffen kamu take ba shi kauri, ta zuba a filas. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa ya zauna. Sakwara ta fita saboda danƙo; dambu, gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka bi ta. Garin rogo da ruwan sanyi, wanda yake sha in rana ta take, shi ma'aikaciyar ta fi ja mana kunne a kai: ruwa na gudu, gari na tafiya, maigadi bai san wanda zai tsare ba.

Tari ya ragu. Zazzaɓi bai dawo ba. Mun bi komai daidai, Baba kuma yana ƙarewa a gabanmu.

Ɗakin nan da rana wani irin wuri ne. Haske kan ratso labule ya yi kore-kore, kamar muna zaune a ƙasan tafki. Ba ka jin komai sai cokali na taɓa kwano. Ina kallon maƙogwaronsa ya hau, ya tsaya, ya sauko, sai in ga kamar tun safe nake kallon hawa ɗayan nan. Ta bango muryoyin dakali ke shigowa, babu kalmomi, sai amo: na tela siriri, na manomi mai kauri. Inna ba ta daina fitar musu da kwanon gidanmu ba. Wani ya yi sallama a waje, sai in ga leɓɓan Baba sun motsa, cokali ya tsaya a hanya. Cokali uku, huɗu, ya rufe baki ya ce ya ƙoshi.

“Baba, ɗaya kawai.”

“Uwata, ko magani ake sha ana hutawa.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Tela ne ya tare ni wata safiya, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

“Ke 'yar bawana, zo nan. Jamfar ubanki sau biyu ina tsuke ta. Jiya an sake kawo mini. Na uku ba zan yi ba. Ni tela ne, ba mai ɗinkin likkafani ba.”

“Baba tela, asibiti ne suka ce…”

“Asibiti suka ce a kulle shi a ɗaki kamar amarya?”

Ba su ce ba. Mu muka ce.

Manomin kuwa tun da muka dawo bai shiga ya ga Baba ba. Yakan tsaya a soro ya aika gaisuwa, ya ajiye doya ko ayaba, ya juya. Labarin ruwan ya kai masa. Ran nan na same shi zaune a dakali shi kaɗai, hularsa a gwiwa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Kowa “kai” ne a wurinsa.

“Kai yarinya, ka faɗa mini gaskiya. Ni na kashe shi?”

“Haba Baba manomi, ai yana nan da ransa. Kuma ko ni ce, ruwan zan ba shi.”

“Yana nan?” Ya dubi gurbin da ke tsakaninsa da bango, inda Baba ke zama. “Mutum da ba ya sa hannu a kwano da mutane, yana ina?”

Da yamma na gaya wa Baba abin da suka ce. Na kuma gaya masa abin da nake tsoro: hanya ce, za a yi sallama, zai amsa.

“Zan amsa mana,” ya ce. “Ni kurma ne?”

Washegari su biyun suka shigo har ɗaki. Manomin ya tsuguna ya riƙe hannun Baba, mai karkarwar, da hannu biyu. Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana duban kujera da tebur.

“Ashe ofis aka buɗe maka. To ji nan, bawana. Na je wurin liman, don na san ba za ka yarda da karatun Bafulatani ba. Ya ce idan aka yi wa jama'a sallama, mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Babu laifi a kan kowa.”

“Na san wannan tun kana bin shanu.”

“To me ya hana ka aiki da shi?”

“Ƙofata ce. Ni ake nufa.”

Manomin ya ɗago. “To ni ne bakinka. Kai ka ci, ni in amsa. Ni na ba ka ruwa, ni zan ɗauki sallama.”

“Da wannan Hausar?” in ji tela. “Hajiya za ta gaishe mu ka ce mata sannu Alhaji.”

“Zai ji ai. Allah ma zai ji.”

Kafaɗun Baba suka girgiza. Na ɗauka ciwon ne, ashe dariya ce. Fuskarsa ta daɗe da daina nuna ta, sai dai a gane a kafaɗa.

Ban yarda nan take ba. Na koma asibiti na zayyana wa ma'aikaciyar nan. Ta ce hatsarin bai tafi ba, kuma ba zai tafi ba. Amma wanda ba ya ci shi ma yana cikin hatsari, don rama kan rage ƙarfin haɗiya da na tari. In dai zai zauna a kujera, abincinsa irin wanda aka tsara, na kusa da shi kuma sun san abin yi, to a gwada. “Amma ba barkwanci in loma na baki,” ta ce. “Dariya ma yana buɗe get.”

Sai ga ni ina koya wa dattawan da suka ci goron sunana yadda ake cin abinci. A durƙushe na yi, don kada abin ya yi nauyi. Na nuna musu wurin bugu a baya da lokacin da ake bugun. Na ɗauke moɗa daga kan randa. Na ce wa tela zolaya sai Baba ya haɗiye sau biyu. Ya ce an sa masa takunkumi da tsufansa. Manomin ya tambaye ni sau uku, in ya yi tari fa? Na ce a bar shi. Ya ce hannunsa ba zai yarda ba. Daga baya ya samo dabara da kansa: in tari ya zo, zai zauna a kan hannuwansa.

Ciwon na nan yana tafiyarsa. Har yanzu akwai ranakun da jiki ba ya yarda, mu koma ɗaki mu saki labule. Amma ranar farkon da ya fito ita ta zauna mini daram.

An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi, kwata na gudu da jan ruwa. Muka fito da kujera da tebur. Su kuma suka jawo benci daga shagon tela, don kada ya zauna sama su ƙasa. Na tsaya a soro bayan ƙyaure, inda nake ganin gefen fuskarsa da wuyansa. Inna na bayana, rungume da filas.

Aka buɗe kwanon gidanmu, tuwon shinkafa da kuɓewa. Abin da na tsara a raina shi ne Baba ya ci nasa, su ci nasu. Sai manomin ya buɗe nasa kwanon, na ga faten doya, an dame shi sumul babu gudaji. Tela ya buɗe nasa, faten kabewa ne mai laushi. Na juya na dubi Inna. Ta ce, ƙasa-ƙasa, matan gidajen biyu tun shekaranjiya suke zuwa tana koya musu karkata cokali.

“Mu da haƙoranmu,” in ji tela, “an mayar da mu 'yan yaye.”

Baba ya yi bisimilla ya miƙa cokali. Ba kwanonmu ya nufa ba. Hannun ya yi ta rawa a hanya, ya wuce tuwon Inna, ya sauka a faten manomi. Babu wanda ya taya shi.

Yana cikin loma ta biyu wani mai tura baro ya gifta. “Salamu alaikum!”

“Wa alaikumus salam!” Manomin ya amsa da ƙarfin da sai da mai baron ya waiga. Leɓɓan Baba sun motsa, na gani, amma ba su buɗe ba. Haɓa ta sauka, maƙogwaro ya hau, ya sauko. Ya sake hawa.

Aka yi sallama ta biyu, aka yi ta uku. Sau ɗaya tari ya zo, ƙarami. Manomin ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinya, idonsa a kan randa, gumi na tsatso masa duk da sanyin garin. Tarin ya yi aikinsa ya wuce. Baba ya huta, ya yi gyaran murya, ya ci gaba.

Sai ga wata tsohuwa mai tallar daddawa, wadda ta daɗe ba ta ga Baba ba. Ita ba mai gaisuwa a tsaye ba ce. Ta sauke tire ta durƙusa a gaban kujerar, daidai lokacin da cokali ya shiga baki.

“Alhaji, barka da rana.”

“Barka kadai,” in ji manomi.

Ta dube shi, ta mayar da ido kan Baba. “Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

Ta fara gane yadda abin yake, har ta ɗan yi murmushi. Sannan ta sassauta murya. “To ya jikin?”

Manomin ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi tela, tela ya dubi ƙasa.

“Wannan kam ba nawa ba ne,” in ji manomi. “Ka jira shi.”

Ta jira. Duk muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Ɗigon ruwa ya taru a bakin kwanon rumfa, ya yi nauyi, ya ƙi faɗuwa. Wata akuya ta tsallaka hanya da 'ya'yanta biyu, ɗaya bayan ɗaya, suka shige lungu. Baba bai yi sauri ba. Ya sauke haɓa, ya haɗiye. Ya tsaya. Ya sake haɗiyewa. Ya ajiye cokali a gefen kwano, ya goge baki, sannan ya dubi tsohuwar.

“Da sauƙi,” ya ce.

Muryar ƙarama ce, amma a bushe take, babu ruwa a cikinta ko kaɗan. Na ji Inna ta sauke numfashi a ƙeyata.

“Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji.”

“Amin,” suka ce, su uku.

Tsohuwa ta ɗora tirenta ta tafi. Baba ya ɗauki cokali ya nuna faten kabewa da shi, tela ya turo masa kwanon. Har aka kira la'asar suna ci. Da na fito kwashe kwanuka, biyu an kankare su, na ukun ma an taɓa.